Sunayen da Aka Rubuta da Ruwa

Tudun Goriba, bakin Gulbin Kaba
Watan Gani, wato Rabi'ul Awwal, shekara ta 1308 bayan Hijira

Da sunan Allah. Wannan takarda ta fito daga hannun Malam Ɗan Azumi ɗan Barmo, zuwa ga ɗansa Namadi ɗan Mumuni, marini a Tasawa. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni nan da sauƙi, sai gwiwa da tari, waɗanda sun zama abokan zama.

Bayan haka, ba mamaki ba ka san ni ba. Ni da ubanka ƴaƴan wa da ƙane ne, kakanmu ɗaya, Sanda. Sau ɗaya na gan ka, kana goye, ranar da Mumuni ya ɗaure kaya ya nufi Tasawa a shekarar da fara ta cinye gero. Bube, Bafillacen da ke kai shanu kasuwarku, shi ya gaya mini Mumuni ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ya kuma ce kai ka yi karatu, har mutane na kawo maka takarda bakin marina kana karanta musu.

Ga abin da ya sa na neme ka. Matata ta rasu, ƴaƴana uku duk ni na binne su. Gidan nan ba kowa sai ni da kaji biyu. Amma ina riƙe da wani abu da ba nawa ba ne ni kaɗai: sunayen kakanninmu, maza da mata, talatin da ɗaya, da labarin kowannensu, inda ya zauna, rijiyar da ya gina, inda aka binne shi. Kakata ta zuba mini su a kai tun ina ƙarami, kuma kullum bayan sallar asuba ina bitarsu kamar karatu. Ban san wani mai rai da ya san su ba.

Damina biyu na yi ina rubuta su. Na fara daga kaina na yi sama, ɗa zuwa uba, uba zuwa kaka, har na kai ga matar da ta fara kafa bukka a tudun nan. Na bi yadda aka koya mana a Katsina: a rubuta labari da baƙar tawada, a bar gurbin suna, in an gama duka a dawo a cike gurabun da ja, domin suna ya fito kamar garwashi cikin gawayi. Warƙa ashirin da huɗu ce, tana cikin gafaka a hannun Bube. Na ce masa in ruwa ya taɓa ta, ni da shi sai gaban alƙali. Ya ce, "Malam, damina ta wuce, sai fa in saniya ta ga dama." Kada ka kula shi, amintacce ne.

Ka karanta a hankali. Hannuna ba kamar da ba, amma ina jin ba zai ba ni kunya ba. Ka gaida mai ɗakinka. Wassalam.

*

(Takardar da Namadi ya rubuta, bai aika ba)

Baba Malam, ban san ta inda zan fara ba. Baƙin rubutun lafiya lau yake daga farko har ƙarshe. Jan ne. A warƙoƙin farko ja ne sosai, kamar jinin rago. Daga ta goma ya soma yin fari-fari. A ta goma sha biyar sai na kai takarda bakin ƙofa kafin in gane suna. Daga ta goma sha shida ba komai. Labari yana nan, ya zo ya ce "shi ne", sai fili, sai ya ci gaba. Gurbi goma sha biyu haka. In na karkata takardar ga rana ina ganin ɗan ƙyalli, alamar alƙalami ya bi wurin, amma ba harafi ko ɗaya. Kuma su ne na can sama, waɗanda ko ubana bai sani ba.

Damina biyu ka yi. Ka ce hannunka ba zai ba ka kunya ba. Yaya zan dubi furfurarka in ce

*

Tasawa, watan Rabi'us Sani

Daga ɗanka Namadi zuwa ga Baba Malam, gaisuwa da ban girma. Mu duka lafiya, Hawa mai ɗakina tana gaishe ka, da yaranmu huɗu. Allah ya sawwaƙe tarin. Ga ɗan zuma da citta a hannun Bube.

Gafaka ta iso, ruwa bai taɓa ta ba. Da na buɗe na ga sunan ubana da ja, sai da na tashi na shiga ɗaki. Mu nan a Tasawa in an zauna ana lissafa kakanni, ni daga Sanda nake tsayawa, abokan aiki su ce, "Namadi, ku daga rijiyar baban rini aka tsamo ku?" Yanzu ina da abin faɗa. Allah ya saka maka da alheri.

Na karanta har tsakiya ba tuntuɓe. Can wajen ƙarshe akwai wuraren da suka fi ƙarfin idona, amma ina ta ƙoƙari.

Baba, ina da tambaya, ka yi haƙuri da ita. Ni marini ne, launi ne abincina. Na san baƙi, na san shuɗi, na san ja. Amma abin da ba shi da launi ko kaɗan, me ake ce masa? Ba fari nake nufi ba, don fari ma ana ganinsa. Ina nufin abin da ka san yana wurin, amma ido ba ya kama shi. Kuma in mutum ya ga irin wannan a hannun wanda ya girme shi, da wace kalma zai faɗa? Ka taimake ni da ita. Na gode.

*

Tudun Goriba, watan Jimada Awwal

Zuwa ga ɗana Namadi, gaisuwa da sa albarka. Zuma ta yi amfani, tarin ya lafa, sai dai ɗarin bana ya shiga ƙashi. A gaida Hawa da yara.

Tambayarka ta faranta mini rai. Na fi shekara goma ba wanda ya tambaye ni ma'anar kalma. In an zo, rubutun sha ake nema don ciwon kai. Saboda haka ka gyara zama.

Da fari, ita kalmar launi baƙuwa ce, daga Larabci ta shigo. Kakata ban taɓa jin ta furta ta ba. A wurinta abu ko fari ne, ko baƙi, ko ja. In ta matsu sai ta ce ruwan ganye, ruwan ɗorawa, ruwan toka. Ka lura, kullum ruwa. Ku marina kun fi ni sanin dalili, tunda a ruwa kuke ba zane kama. Shi kuwa ruwan da kowa ke aron sunansa, ba shi da nasa launin.

Malamai za su ce maka "maras launi". Daidai ne, amma maganar takarda ce, ba za ka ji mace ta faɗe ta a bakin rijiya ba. Mutane kalma biyu gare su, kada ka haɗa su.

Ta farko, koɗaɗɗe. Shi ne abin da ya taɓa samun launi ya rasa. Riga ta koɗe, lalle ya koɗe a hannu, fuskar majinyaci ta koɗe. Ba a cewa ƙwai ya koɗe, ko auduga, don haka aka halicce su. Akwai juyayi a cikin kalmar nan, domin mai faɗinta yana tuna yadda abin yake da can. Malaminmu na Katsina, Allah ya yi masa rahama, yakan ce ƴar'uwar koɗa ce, wato koɗar dutsen niƙa, da ake dandaƙarsa har fatar sama ta fita ya yi haske. Wai haka rana da wanki suke koɗar zane. Ban rantse a kai ba, shi ma da murmushi yake faɗa.

Ta biyu, garai, wasu su ce garau. Ruwan da ya kwana a randa ya kwanta, ka ɗebo ka ga gindin ƙwarya, shi ne garai. Wannan bai rasa komai ba, kawai ba shi da abin da zai tare ido. Daga nan aka ce sama ta yi garau, mara lafiya ya warke garau. Asalinta ban sani ba. Ina jin irin kalmomin nan ne da baki ya ƙaga don kwaikwayon abin da ido ya gani. Batun fari kuwa ka yi gaskiya: zuba nono a ƙwarya ka nemi gindinta.

Ka ce da wace za a faɗa wa babba. In rigarsa ce ta koɗe, a yi shiru, ya fi ka sani.

Na karanta wa Zuhura wannan, matar maƙwabcina Amani, ita ke kawo mini fura. Ta ce, "Malam, duk wannan surutu a kan abin da babu? Sha furarka kafin ita ma ta koɗe." Ka ji irin ɗaliban da suka rage mini. Na ce mata ai mutum ma yakan koɗe, in ya daɗe nesa da gida har ya manta na baya.

Inda ka ce ya fi ƙarfin idonka, ƙara haƙuri. Na ƙanƙanta rubutu a ƙarshe don takarda ta kusa ƙarewa. Ka tsaya da safe, rana na bayanka.

Wani abu kuma. Tun da littafin ya bar hannuna na ji kamar an sauke mini dami daga kai. Na daina bitar asuba, shekara saba'in ta isa. Jiya na nemi sunan matar kakanmu Nomau a kaina ban same shi ba, sai na yi dariya, na ce ai tana Tasawa. Allah ya yi maka albarka.

*

Tudun Goriba, watan Azumin Tsofaffi

Ɗana Namadi, gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Ni na kwanta kwana tara, na tashi. Yanzu da sanda nake zuwa masallaci.

Wata biyu ke nan ba amsa. Duk ranar kasuwa ina zama ƙofar gida, in na ji ƙarar kofato sai in ɗaga kai. Na yi ta juya abin da na rubuta maka, na kuwa gano inda na yi ɓarna. Na ce mutum yakan koɗe in ya daɗe nesa da gida. Wallahi ba da kai nake ba, ba kuma da Mumuni ba. Yunwa ce ta kore shi, da ni ma ina da ƙarfin hali da na bi shi. Zuhura nake tsokana, sai alƙalami ya ɗauka. Wanda ya daɗe shi kaɗai bakinsa yakan manta yadda magana ke sauka a kunnen wani. Ka yafe wa tsoho.

Na gaya wa Zuhura damuwata, ta ce, "Kai dai ka cika yaro da karatu ya gudu. Tambaya ɗaya ya yi, ka ba shi buhu." Mai yiwuwa ita ke da gaskiya.

In ba ka da lokacin doguwar takarda, layi ɗaya ya isa. Ka gaya mini ko ka kai ga warƙa ta ƙarshe, ka ga sunan uwarmu ta farko. Ina so in ji wani ya faɗe shi ban da ni. Gaskiya ma kwanan nan in na kai hannu gare shi sai in ji wurin da santsi. Wassalam.

*

Tasawa, watan Sha'aban

Baba Malam, gaisuwa, mu lafiya. Ka yafe mini gajarta gaisuwar.

Ban yi fushi ba ko kaɗan. Takardarka ta Jimada ba ta iso ba sai shekaranjiya, tare da ta biyun. Bube ya yi kudu da shanu neman ciyawa, ya ba wani mai tabarmi, shi kuwa ya manta ta cikin kaya. Na karanta su a jere. Da na zo inda ka ce ka daina bita, sai na tashi na nemo mai ɗakina. Na karanta wa Hawa, ta ce, "Kai kana jin kunyar tsoho, shi kuwa yana ta zubar da kaya a hanya, yana zaton kana bayansa kana tsincewa. In ba za ka rubuta ba, ni zan hau jaki in je in faɗa."

Baba, laifina ne. Tun ranar farko ya kamata in faɗa, na koma ina kewaye-kewaye da tambayar kalma. Ga gaskiya. Jan tawadar bai kai ƙarshe ba. Daga warƙa ta goma ya soma koɗewa, daga ta goma sha shida babu shi. Suna goma sha biyu ba su fito ba, har da na uwarmu ta farko. Labarinsu duk yana nan da baƙi, tsaf, ba kuskure. Sunayen ne kawai babu. Matar Nomau ba ta Tasawa, Baba. Ba ta ko'ina sai a kanka.

Na kwafe layin da ke gaban kowane gurbi a wata takarda, ga ta nan, don su ja maka hanya. Don Allah ka koma bita yau, kada ka jira gobe. Duk wanda ya zo ka rubuta shi nan take, da baƙi. Bube ya dawo, na roƙe shi ya juyo gare ka ko hutawa bai yi ba. In ka ga dama ka zage ni, zan ɗauka. Amma ka fara rubutawa tukun.

*

Tudun Goriba, goma ga watan Azumi

Ɗana Namadi, gaisuwa da barka da shan ruwa. Azumin bana ya fi ƙarfina, liman ya ce in ciyar. Zafi ya yi yawa.

Ba zan zage ka ba. Da na karanta takardarka na ce ƙarya ne, idon yaron nan shuni ya cinye shi. Sai na ɗauko kurtun jan tawadar, yana nan inda na bar shi da ɗan saura a ciki, na kira Zuhura.

Na ce, "Me ke cikin nan?"

Ta leƙa ta ce, "Ruwa."

"Wane irin ruwa?"

"Ruwa dai, Malam, irin na sha."

"Da nake rubutu da damina, shi ne a ciki?"

"Tun gero na fitar da kai shi ne."

Na ce, "Zuhura, kina tsaye a kaina kullum da ƙwaryar fura, kina gani ina tsoma alƙalami a ruwa, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Yo ni na san sirrin malamai? Na ɗauka rubutun asiri ne, irin wanda ba a so ido ya gani. Har Amani na hana leƙawa, na ce kada ya makance."

Na so in yi faɗa, dariya ta zo, daga dariyar kuma wani abu ya biyo baya. Ita ma ta zauna ta rufe fuska da zane.

Ga yadda aka yi. Jan nan da karan dafi na haɗa shi, da kanwa da ƙaro. In ya yi ƙasa ko ya yi kauri, akan ƙara masa ruwan ƙaro, kowane marubuci haka yake yi, sai dai yana kallon launin, ya san inda zai tsaya. Ni na yi ta ƙarawa. Da ƙaron ya ƙare na koma ruwan randa. Takarda in ta jiƙe tana yin duhu, duhun nan nake gani a bakin alƙalami in ce ja ne, in ajiye warƙa ta bushe in ɗauki wata. Abin da ban faɗa wa kowa ba, har kaina, shi ne na kai shekara uku ban ga ja ba. Baƙi a kan fari nake gani, shi ma da safe. Sauran duniya duk ruwan toka ce.

Yanzu na gane tambayarka. Na zauna na ba ka fatawa mai tsawo ban san a kaina nake ba da ita ba. Sunayen tsakiyar littafin koɗaɗɗu ne, na ƙarshe garai. Ko ba komai amsar daidai take. Abu ɗaya na koya maka ba daidai ba: da na ce in rigar babba ta koɗe a yi shiru. Hawa ta fi ni ilimi a nan, ka gaya mata.

Na koma bita. Da farko kamar mai jan guga a busasshiyar rijiya. Sai na gane in na fara daga ƙasa da ƙarfi, da irin muryar da kakata ke yi, wani na jawo wani. Matar Nomau ta dawo da kanta ina cikin alwala: Gwamma. Tara na samu, ga su a takardarka da baƙi, kowanne gaban layinsa. Uku sun ƙi: wanda ya gina rijiyar farko, da matarsa, da uwarsa, wato uwarmu ta farko. Ina ganin labarinta sarai. Ta fito daga kudu, garinsu na cin wuta a bayanta, ɗa ɗaya a goye, ɗaya a hannu, da gatari da akuya. Ta ga goriba ta ce inda goriba take ruwa na kusa. Duk wannan ina da shi. In na buɗe baki in kira ta, sai iska.

Ina nan ina nema. Ka taya ni da addu'a.

*

Tasawa, ƙarshen watan Ƙaramar Sallah

Baba Malam, gaisuwa da barka da Sallah. Mu duka lafiya. Hadari ya soma haɗuwa a gabas, iska ta yi nauyi, amma ruwa bai sauka ba tukuna.

Ina da labari, ka zauna kafin ka karanta. Ran Talata na dawo daga marina da hantsi, na ɗauko littafin don in cike tara ɗin da ka aiko. Ka san hannun marini, ko an wanke shuni ba ya fita, ga kuma gumi. Na dafa warƙa ta goma sha bakwai da babban yatsa, daidai kan gurbi, sai na ji ya ɗan manne. Da na ɗaga, ga rabin harafi, shuɗi. Na yi ihu har Hawa ta fito da muciya a hannu, ta zaci kunama ce.

Ƙaron ne, Baba. Jan ya tafi, ƙaron yana nan kwance inda alƙalaminka ya bi, in ya ji laima sai ya yi danƙo. Na daka busasshen shuni ya yi laushi, na tankaɗe shi da ƙyalle. Sai in hura wa gurbin hucin baki a hankali, in barbaɗa garin, in karkaɗe. Inda ƙaro yake ya riƙe, sauran ya zube. Na fara da tara ɗin da muka sani, don in ya ɓaci ba a yi hasara ba. Duk sun fito da rubutunka, sun dace da abin da ka aiko, sai dai ka sa Tunau a wurin Ranau, Ranau a wurin Tunau. Hawa ta ce tagwaye ne, ko uwarsu tana yin haka.

Sannan na yi bisimilla na je ga ukun. Wanda ya gina rijiyar farko Anaruwa ne. Matarsa Kyauta. Ta fito da ƙyar, amma ba shakka ita ce.

Warƙa ta ƙarshe na hura, na barbaɗa, garin ya zube duka. Na sake, haka. A na uku takarda ta soma laushi, Hawa ta riƙe hannuna ta ce in bari kada in huda. Ina jin a nan ruwan randa ne zalla. Na duba ta gaba da baya a rana, ko sawun alƙalami babu.

Talatin muna da su. Ita kaɗai ta rage. Na yi iyakar abin da na sani. Baba, ka zo Tasawa ka zauna da mu, akwai ɗaki. Zan zo da jaki in ɗauke ka. Wataƙila in kana jin ana karanta sauran, ita ma ta zo.

*

Tudun Goriba, watan Bawa, wato Zulƙida

Ɗana Namadi, Allah ya yi maka albarka, kai da Hawa da abin da kuka haifa. An yi ruwan shuka ran Jumma'a, gari duk yana gona. Ni ƙafa ta kumbura, ban fita ba. Ka yi haƙuri da rubutun, layi yana hawa yana sauka.

Anaruwa! Da na karanta na faɗe shi da ƙarfi har kaji suka watse. Anaruwa da Kyauta. Yaya aka yi na manta su? Shekara hamsin ina riƙe da alƙalami ban san ƙaro na da wannan amana ba, sai da marini ya koya mini. Batun Tunau da Ranau kuwa, ka bi littafin, lokacin da na rubuta shi kaina ya fi na yanzu.

Tasawa ba zan iya ba. Ko zuwa bakin rijiya sai na huta sau biyu. Na gode da ɗakin, na san da zuciya ɗaya ka faɗa. In kaka ta yi ina nan, ka zo da littafin da babban ɗanka. In ba na nan, Amani zai nuna muku inda kowa yake kwance.

Uwarmu ta farko kuwa na neme ta har na gaji. Na yi bita daga ƙasa, na zo Anaruwa da gudu ko zan faɗa kanta, sai in tsaya cik kamar jaki a bakin rami. Zuhura ta ce za ta taimaka. Ta zauna tana jero mini sunan duk matar da ta taɓa ji: "Kande? Ta-Rana? Ladi? Tsahara? Auta?" Har da sunan saniyar Bube. Da ta ga ba ko ɗaya da ya dace ta ce, "Malam, zaɓi ɗaya mai daɗi ka sa mana. Wa zai sani? Ita dai ba za ta zo ta yi ƙara ba."

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kwana biyu ina juya maganar nan. Akwai ɗaya da ya yi mini kama, har na tsoma alƙalami. Sai na tuna in na sa, kai za ka karɓa don ni na faɗa, ɗanka ya karɓa don kai ka faɗa, nan da shekara ɗari ana yi wa wata addu'a da ba ita ta ɗauko gatarin ba. Gara a san mun rasa.

Saboda haka ga abin da nake so, ka riƙe shi kamar wasiyya. Kada ka cike gurbin nan, kada ka bar wani ya cike. In ka kwafe littafin, ka kwafe shi da filinsa, daidai faɗinsa. Kada kuma ku dogara ga takarda kamar yadda na yi. Ka zuba wa yaranka talatin ɗin a kai, su huɗun duka, matan ma, kullum bayan asuba. In sun hau har sun wuce Kyauta da Anaruwa, su ce "ita ce", su yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya, sannan su ce ta zo da gatari da akuya. Wanda ya halicce ta ya san sunan da uwarta ta raɗa mata.

Ni ma haka na yi yau da safe, ban kuwa ji nauyi ba.

Bube na ƙofa yana cewa shanu ba su san malanta ba. A gaida kowa. Naka, Ɗan Azumi ɗan Barmo ɗan Sanda.